Yadda Ake Gano Saƙon da Ke Riƙe da Ƙwayoyin Garkuwa Mazauna Gaɓɓai

A cikin hanta da huhu da saifa da ƙwaƙwalwa da fata akwai ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda ba sa yawo cikin jini kamar sauran 'yan uwansu, sai dai su zauna wuri ɗaya tun kafin a haifi mutum, su yi ta aiki har tsufansa. Yawancinsu daga dangin makurofaj suke, wato manyan ƙwayoyi masu haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin jiki. Paul Langerhans ya ga na fata a 1868 yana ɗalibin likitanci a Balin, har ya zaci na jijiya ne, Karl von Kupffer ya bayyana na hanta a 1876, sannan Pío del Río Hortega ya bayyana na ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira maikurogiliya, a Madrid a 1919. Ganinsu bai yi wuya ba kamar gane abin da ke riƙe da su a inda suke, kuma wannan shi ne aikin da za a bi matakansa a nan, domin ɗalibin kimiyyar garkuwar jiki da ke son karanta binciken wannan fanni da idon basira, ko kuma tsara nasa.

Kafin a taɓa ɓera ko na'ura, ya kamata a raba tambayar gida uku, domin kalmar riƙewa tana ɓoye abubuwa dabam-dabam. Akwai saƙon da ke hana ƙwaya mutuwa kuma ya ba ta damar hayayyafa, akwai saƙon da ke koya mata sana'ar gaɓar da take ciki, akwai kuma wanda ke hana ta barin wurin. A ganina mafi yawan ruɗanin da ɗalibai ke shiga a wannan fanni daga cakuɗa na farko da na biyu yake fitowa, saboda haka a kansu zan fi tsayawa.

Matakin farko: a tabbatar mazauniya ce

A 1968 Ralph van Furth da Zanvil Cohn suka nuna cewa monosayit, wata farar ƙwayar jini da ɓargo ke ƙerawa, tana fita daga jini ta zama makurofaj, kuma shekaru da yawa aka ɗauka cewa duk makurofaj na gaɓɓai haka suke samuwa, ana maye gurbinsu daga ɓargo ba dare ba rana. Idan da haka abin yake, neman saƙon da ke raya su a cikin gaɓa ba zai yi wani nauyi ba. Miriam Merad da abokan aikinta suka girgiza wannan fahimta a 2002, lokacin da suka dasa wa ɓeraye ɓargon wasu ɓeraye, jininsu ya koma na mai bayarwa, amma ƙwayoyin Langerhans na fatarsu suka ci gaba da zama na asali har tsawon wata 18.

Hanyoyi uku ake bi a yau don yin wannan gwaji. Ko dai a yi dashen ɓargo kamar yadda suka yi, ko a ɗinke fatar ɓeraye biyu har jininsu ya gauraya a duba ko ƙwayoyin ɗaya sun shiga gaɓar ɗayan, ko kuma a sa wa ƙwayoyin tayi alama mai haske a wata rana ta musamman cikin goyon ciki, sannan a nemi zuriyarsu bayan ɓeran ya girma. Da hanya ta uku Florent Ginhoux da Merad suka nuna a 2010 cewa maikurogiliya daga jakar gwaiduwa ta tayi suke fitowa, tun kafin ɓargo ya fara aiki. Dashen ɓargo yana da aibi ɗaya da bai kamata a manta ba: hasken radiyeshan da ake kashe tsohon ɓargo da shi kafin dashen yana raunata gaɓɓai, yana iya buɗe wa baƙin ƙwayoyi ƙofar da take rufe a jiki mai lafiya, don haka sakamakonsa kaɗai ba ya isa hujja. Haka kuma amsar tana bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa, domin yawancin makurofaj na bangon hanji daga monosayit ake sabunta su a kai a kai, alhali na ƙwaƙwalwa kusan ba sa karɓar kowa daga waje.

Mataki na biyu: a nemo makarɓi da mai aiko saƙo

Ƙwaya tana jin saƙo ne ta wani furotin da ke bisa fatarta, wanda za mu kira makarɓi, kuma saƙon kansa wani furotin ne ko sinadari da maƙwabtanta ke fitarwa. Aikin wannan mataki shi ne a jera makarɓan da ƙwayar ke ɗauke da su, a jera saƙonnin da maƙwabtanta na kusa ke fitarwa, a ga inda suka dace. Wanda ba shi da ɗakin gwaji mai tsada zai iya fara wannan da kwamfuta da intanet kawai, domin rumbun bayanai na ImmGen yana nuna umarnin gado, wato sassan DNA da ke tsara ƙera kowane furotin, da ke aiki a kowane nau'in ƙwayar garkuwar ɓera kyauta, kuma manhajoji irin su CellPhoneDB da NicheNet an yi su ne don haɗa saƙo da makarɓinsa. Abin da suke bayarwa hasashe ne na wanda ya kamata a gwada, ba hukunci ba.

Labarin makarɓin da ake kira CSF1R ya isa ya koya wa ɗalibi yadda ake wannan aiki da haƙuri. An daɗe da sanin wani jinsin ɓeraye da ake haifa ba sa fitar da haƙora, ƙasusuwansu sun toshe sun yi tauri, makurofaj ɗinsu kuma sun yi ƙaranci ƙwarai. A 1990 aka gano cewa abin da ya lalace a jikinsu shi ne umarnin gado na ƙera saƙon CSF1, wanda sai da shi ƙwayoyin da ke narkar da tsohon ƙashi suke samuwa. Sai dai waɗannan ɓeraye suna da ƙwayoyin Langerhans a fata, kuma maikurogiliyarsu ba ta ƙare ba. A 2002 ɗakin binciken Richard Stanley a New York ya samar da ɓeran da aka cire wa makarɓin kansa, aka ga ciwonsa ya fi na mai rashin saƙon tsanani, daga baya kuma aka tabbatar cewa maikurogiliya da ƙwayoyin Langerhans duk sun ɓace a jikinsa. Idan rashin makarɓi ya fi rashin saƙo muni, to lalle akwai saƙo na biyu da ke shiga ta ƙofa ɗaya. An gano shi a 2008, aka sa masa suna IL-34, kuma a 2012 ƙungiyoyin bincike biyu suka nuna cewa ƙwayoyin saman fata da ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa ne ke fitar da shi, kuma shi ne ke raya ƙwayoyin Langerhans da maikurogiliyar sassa da yawa na ƙwaƙwalwa, ban da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, wadda tata ta fi dogara ga CSF1.

Saboda haka duk lokacin da ake zargin wata hanyar saƙo, a gwada cire saƙon dabam, a gwada cire makarɓin dabam, a kwatanta sakamakon biyu. Bayan haka a cire saƙon daga nau'in maƙwabci ɗaya kaɗai, domin sanin cewa akwai saƙo a gaɓa bai kai sanin wanda ke fitar da shi ba. Da irin wannan gwajin aka tabbatar cewa saƙon GM-CSF da makurofaj na huhu ke buƙata daga ƙwayoyin bangon jakunkunan iska masu ƙera ruwan maiƙon da ake kira safaktan yake fitowa, ba daga wasu ƙwayoyin garkuwa ba.

Mataki na uku: a bi saƙon cikin ƙwaya

Idan saƙo ya kama makarɓi, labarin yana wucewa daga furotin zuwa furotin har cibiyar ƙwaya, inda umarnin gado yake, kuma yawanci ana miƙa shi ne ta hanyar manna wa furotin na gaba ɗan sinadarin fosfet. CSF1R guda biyu suna haɗuwa su manna wa juna fosfet, daga nan hanyar PI3K da AKT ta hana ƙwayar kashe kanta, hanyar RAS da ERK kuma ta tura ta ga rabuwa biyu. Makarɓin GM-CSF ba shi da wannan ikon da kansa, sai ya jingina ga JAK2, wanda ke tayar da STAT5, shi kuma ya shiga cibiya ya buɗe umarnin gado. Wani saƙon kuma mai suna TGF-β yana bi ta SMAD2 da SMAD3, su haɗu da SMAD4 su shiga cibiya tare. Ana auna wannan da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki masu kama abu takamaimai, irin waɗanda ba sa gane furotin sai idan fosfet na jikinsa, kuma dole a ɗauki samfur cikin mintuna kaɗan bayan an zuba saƙon, domin alamar tana tashi da sauri ta kuma sauka da sauri.

Akwai tarko a nan wanda ya kama masu bincike da yawa. Ƙwayar da aka cire daga gaɓarta ta rabu da maƙwabtan da ke yi mata magana, kuma nan take take fara sauyawa. Ɗakin binciken Christopher Glass a San Diego ya nuna a 2017 cewa maikurogiliyar ɗan Adam da aka sa a farantin reno na ɗakin gwaji tana rage aiki da ɗaruruwan umarnin gadon da suka bambanta ta da sauran makurofaj cikin 'yan sa'o'i. Ko narkar da tsokar gaɓa da sinadarin enzayim don a ware ƙwayoyin a zafin jiki, digiri 37, yana tayar da wasu umarnin gaggawa irin su Fos da Jun, waɗanda mai bincike zai iya ɗauka sakamakon gwajinsa ne. Maganin wannan shi ne a yi aikin cikin sanyi da hanzari, a kuma tabbatar da duk abin da aka gani a faranti ta hanyar duba yankan gaɓar kanta a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu. Makurofaj da ake renowa daga ɓargon ɓera cikin kwana bakwai da ruwan da ke ɗauke da CSF1 suna da amfani sosai wajen koyon dabarun aiki, kuma ba su da tsada, amma ba su zama na huhu ko na hanta ba, bai kuma halatta a yi magana da yawunsu a kan waɗannan gaɓɓai ba.

Mataki na huɗu: a bambanta raya ƙwaya da koya mata sana'a

Wannan shi ne matakin da ya fi buƙatar natsuwa, kuma huhu ne ya fi bayyana shi. A 1994 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Melbon ta Ostareliya, suka cire wa ɓeraye umarnin GM-CSF suna tsammanin ƙera jini zai lalace, tun da a matsayin mai haɓaka fararen ƙwayoyin jini aka san shi. Jinin ɓerayen ya fito kusan lafiya lau, amma jakunkunan iska na huhunsu suka cika da safaktan, wato ruwa mai maiƙo da ke hana jakunkunan manne wa juna idan an fitar da numfashi. Huhu yana ƙera safaktan kullum, kuma makurofaj na jakunkunan iska suna cikin masu kwashe tsohon, su narkar da maiƙonsa. Daga baya ɗakin binciken Manfred Kopf a Zurik ya nuna a 2014 cewa GM-CSF yana kunna wani furotin mabuɗi mai suna PPARγ, wanda ke buɗe umarnin sarrafa maiƙo. Idan aka cire mabuɗin kaɗai aka bar saƙon, ana samun ƙwayoyi a huhu amma ba su kai ga balaga ba, sun kumbura da maiƙon da suka haɗiye suka kasa narkarwa.

Darasin aiki a nan shi ne ƙirga ƙwayoyi kaɗai ba ya amsa tambaya. Idan an toshe saƙo aka ga alamar da ake gane ƙwayar da ita ta ɓace, wataƙila ƙwayar ta mutu, wataƙila kuma tana nan da ranta ta daina fitar da alamar ce kawai. Don haka a yi amfani da alamomi aƙalla iri biyu, ɗaya ta dangin makurofaj baki ɗaya kamar CD64 ko F4/80, ɗaya kuma ta gaɓar, sannan a auna aikin da ƙwayar ke yi, a kuma nemi alamun mutuwa da na rabuwa. Hanya mafi ƙarfi ita ce a sa wa ƙwayar alama ta dindindin tun kafin a toshe saƙon, ta yadda ko ta sauya kama za a gane ta.

Sauran gaɓɓai suna da nasu saƙon sana'a, kuma abin sha'awa shi ne sau da yawa abin da ƙwayar ke sarrafawa shi ne ke koya mata aikin. A saifa, makurofaj na jan ɓangare suna haɗiye jajayen ƙwayoyin jini da suka cika kwana 120 ɗinsu, su mayar wa jiki da sinadarin ƙarfen da ke ciki. Ɗakin binciken Kenneth Murphy a St. Louis ya nuna a 2009 cewa mabuɗinsu shi ne Spi-C, kuma ɓeran da ya rasa shi ƙarfe yana taruwa a saifarsa, sannan a 2014 suka gano cewa him, jan sinadarin da ke cikin jinin da suke haɗiyewa, shi ne ke rusa furotin BACH1 da ke danne Spi-C. Waɗannan ƙwayoyi ne nauyi ke ƙaruwa a kansu a cutar sikila da zazzaɓin cizon sauro, inda jajayen ƙwayoyi ke lalacewa kafin lokacinsu, kuma ina ganin wannan fage ne da ya cancanci hankalin masu bincike na ƙasashenmu, inda cututtukan biyu suka yi katutu. A kogon ciki kuwa, Yasutaka Okabe da Ruslan Medzhitov sun nuna a 2014 cewa sinadarin retinoyik, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A, shi ne ke kunna mabuɗin GATA6, kuma idan saƙon ya yanke mabuɗin yana sauka, idan ya dawo ya sake tashi. Ke nan sana'ar ba abu ba ce da ake koya sau ɗaya a gama, sai ana maimaita wa ƙwayar saƙon muddin tana raye.

Gwajin da ke yanke hukunci a wannan mataki shi ne sauya masauki. A 2014 ɗakin binciken Ido Amit tare da na Merad da Steffen Jung suka ɗauki makurofaj na kogon ciki suka zuba a huhun wani ɓera, bayan kimanin mako biyu suka tarar da yawancin umarnin gadon da suka bambanta nau'o'in biyu sun karkata zuwa tsarin huhu. Duk wanda ke da'awar cewa wani saƙo ne ke siffanta ƙwaya ya kamata ya iya nuna abu biyu, cewa rashinsa yana ɓatar da siffar, kuma samuwarsa yana kawo ta ga ƙwayar da ba ta da ita.

Mataki na biyar: a raba gini da kulawa

Ɓeran da aka haifa ba shi da wani umarnin gado bai nuna ko ana buƙatar saƙon a lokacin kafa ƙwayoyin a cikin tayi ne ko a lokacin girma. IL-34 misali ne mai kyau, domin maikurogiliyar tayi tana samuwa ba tare da shi ba, sai bayan haihuwa rashinsa ke bayyana. Don raba waɗannan biyu ana barin ɓeran da aka tsara gadonsa don haka ya girma lafiya, sannan a cire umarnin ta hanyar ba shi maganin tamoksifen, ko a toshe makarɓin da magani. Kim Green da abokan aikinsa a Irvine ta Kalifoniya sun ba manyan ɓeraye maganin PLX3397 mai toshe CSF1R a cikin abinci a 2014, kuma cikin mako uku kusan kashi 99 cikin ɗari na maikurogiliya suka ƙare. Da aka janye maganin, ƙwaƙwalwar ta sake cika cikin mako guda zuwa biyu, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa 'yan tsirarun da suka tsira ne suka hayayyafa. Abin lura shi ne sun tsaya da suka kai adadinsu na da, wanda ya yi daidai da fahimtar cewa kowace gaɓa tana da guraben zama ƙididdigaggu, kuma ƙwayoyin suna takara a kan ɗan saƙon da ke akwai.

Wofintar da gurbi wata dama ce ta kallon yadda baƙo ke zama ɗan gari. Ƙungiyar Martin Guilliams da Charlotte Scott a Gent ta Beljiyam ta samar da ɓeran da ƙwayoyin Kupffer na hantarsa kaɗai ke mutuwa idan aka yi masa allurar dafin ƙwayar cutar mashaƙo, sai monosayit suka shigo daga jini suka cike gurbin. A 2019 su da ɗakin binciken Glass, kowa ta nasa ɓangaren, suka nuna cewa ƙwayoyin bangon ƙananan hanyoyin jini na hanta suna taɓa baƙuwar da furotin DLL4, wanda ke tayar da hanyar Notch, daga nan mabuɗin LXRα ya kunnu. Wannan saƙo ba ya yawo a ruwa, sai fata ta taɓa fata, shi ya sa mai neman saƙonni a ruwan faranti kaɗai ba zai taɓa ganinsa ba.

Mataki na shida: a koma ga ɗan Adam

Ba a kammala aiki a kan ɓera, sai an nemi shaida a jikin mutum, kuma ana samunta daga wurare uku: masu dashen gaɓa, masu ciwon gado, da masu shan maganin da ke toshe hanyar. A huhun da aka dasa an tarar da makurofaj na mai bayarwa suna nan bayan shekaru, haka ma ƙwayoyin Langerhans a fatar hannun da aka dasa. Mutanen da suka gaji kwafi ɗaya lalatacce na umarnin CSF1R suna kamuwa da ciwon lalacewar farin ɓangaren ƙwaƙwalwa, wanda galibi ke bayyana a tsakiyar shekarun rayuwa da sauyin hali da mantuwa da wahalar tafiya. Maganin PLX3397 da aka yi gwajin ɓeraye da shi kuwa shi ne peksidatinib, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019 don wani ƙari na gaɓoɓin ƙashi, tare da gargaɗi mai ƙarfi a kan illarsa ga hanta.

Shaidar da ta fi kowace cika ita ce ta huhu. Tun 1958 likitoci uku, Rosen da Castleman da Liebow, suka bayyana wata cuta da jakunkunan iska ke cika da farin abu mai maiƙo har numfashi ya gagara, ba a kuma san sanadinta ba sai da ɓerayen 1994 suka nuna hanya. A 1999 masu bincike a Japan, ƙarƙashin Koh Nakata, suka gano cewa jinin marasa lafiyar yana ɗauke da antibodi da ke kama GM-CSF ɗinsu ya hana shi isa ga makarɓi, kuma kimanin tara cikin goma na masu cutar wannan ne sanadinsu. Saƙon yana fita daga bangon huhu kamar yadda ya saba, makarɓin yana nan lafiya, amma an tare hanya a tsakani. Tsohon magani shi ne a sa mara lafiya barci a wanke huhu ɗaya da lita masu yawa na ruwan gishiri yayin da ɗayan ke numfashi ta na'ura, kuma har yanzu ana yin hakan. Yanzu ana auna wannan antibodi a jini don tabbatar da cutar, kuma gwaje-gwajen asibiti a Japan da Turai da Amurka sun nuna cewa shaƙar GM-CSF kai tsaye zuwa huhu tana inganta shigar iskar oksijin cikin jini, domin saƙon da aka shaƙa yana isa ga makurofaj na jakunkunan iska da yawan da antibodin ba zai iya tarewa duka ba.